Wa Zai Riƙe Linuks?

Tun da motar ta baro Gusau Sa'adatu ke murmushi ita kaɗai, har matar da ke gefenta ta fara satar kallonta. A jakarta akwai kwamfutar da ke ɗauke da Sauti, manhajar da ita da abokan karatunta biyu suka ƙera don ta riƙa karanta rubutun Hausa da murya, saboda makafi da waɗanda ba su yi boko ba. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, sun ajiye ta a intanet, mai so ya ɗauka, ya leƙa cikinta, ya gyara. Yanzu ta nuna, saura su yanke shawarar irin na'urorin da za su yi alkawarin tana aiki a kansu.

A Bungudu suka haɗu, gidan Sabiru, wanda ke koyarwa a sakandare. Mubarak, mai gyaran waya a Tsafe, ya riga ta isowa. Ko gama gaisawa ba su yi ba ya miƙe tsaye.

"Duka za mu ɗauka! Andiroyid, Windos, Linuks, Aifon, kowa ya samu!"

"Zauna tukuna," in ji Sa'adatu tana dariya. "Wa ke da Aifon a cikinmu?"

"Sai mu ara."

"Yau mu ara, gobe fa? Makaho ya sauke ta a wayarsa, ta yi gum, ya turo ƙorafi. Wa zai duba?"

Andiroyid dai ba a yi musu a kanta ba, ita ce a aljihun kowa daga Wanke har Karakkai, kuma Mubarak ya san ta ciki da bai. Sabiru ya ce shi zai kula da Windos, tunda ita ce a kwamfutocin makarantarsu. Da aka zo kan Linuks, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windos, sai aka rasa mai ɗauka. Sa'adatu na son ta, don ta san tsofaffin kwamfutoci na farfaɗowa da ita, amma aikin muryar kaɗai ya sha mata kai. Ta buɗe baki za ta ce a haƙura ke nan, sai Mubarak, da ya koma gefe yana latsa waya cikin fushi, ya yi ihu.

"Ku zo! Wallahi ku zo ku gani!"

A shafin aikin wata ta turo saƙo. Sunanta Nana Khadija, 'yar Bilbis ce mai karatun kwamfuta a jami'a. Ta ce ta ci karo da Sauti, ta yi mata gyare-gyare har ta tashi a kan Linuks, ga kuma bidiyo. Suka haɗa kai a kan wayar. Babanta ne, dattijo makaho, zaune a tabarma, tsohuwar kwamfuta a gabansa tana karanta masa bayanin yadda ake adana gero. Ya karkata kai yana saurare, can sai ya tuntsire da dariya.

"Nana, wagga na'ura Bakanuwa ta! Amma ta iya magana. Sa ta ƙara."

Sabiru ya yi ta tafi. Sa'adatu kuwa nan da nan ta kira lambar da ke ƙasan saƙon.

"Malama Nana Khadija? Sa'adatu ce, ta Sauti. Mun ga Baba!"

"Kai, Anti, na ɗauka ma ba za ku duba ba!"

"Tambaya gare ni, kuma kada ki ji kunyar cewa a'a. Idan muka sa Linuks cikin alkawarinmu, za ki riƙe ta? Duk sanda muka sake wani abu ke za ki gwada, ke za ki amsa ƙorafi, har lokacin jarrabawa."

"Lokacin jarrabawa zan yi jinkiri," in ji Nana Khadija. "Amma Baba ba zai bar ni in saki ba. Na riƙe."

Nan take suka tsayar da ƙa'ida: duk tsarin da ke da mai riƙonsa, da suna da na'urar gwaji a hannu, ya shiga, wanda ba shi da kowa ya jira. Aifon ta jira. Mubarak ya ɓata rai, amma bai daɗe ba ya fara lissafo masu kawo masa gyaranta a Tsafe, ko akwai wanda zai koya wa aikin.

Matar Sabiru ta aiko da shinkafa da wake tun ɗazu, har ta huce ba wanda ya kula. A haka suka ci, suna gardamar ko a sanar da fitowar Sauti ranar Juma'a bayan masallaci, ko a bari Nana Khadija ta zo Gusau tukuna a yi sanarwar tana tsakaninsu.