Inda Angareb Zai Wuce

Tun da ƙodar Inna Kulu ta daina aiki, rayuwarmu ta koma jiran ranar wankin jini. Gasil ake ce masa a asibiti. In an jona ta da na'ura an tace jinin, sai ta dawo garau tana faɗa da kowa. In aka tsallake, ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Saboda wannan na'ura muka baro ƙauyenmu na wajen Damazin, ni da ita da ƙanena Muzammil, muka sauka a Wad Madani gidan ƙanwar babanmu. Mutanen kirki ne, amma zama ya yi tsawo har mun fara jin nauyinsu. Dole mu kama wurinmu.

Dillali ya kawo mana wuri biyu. Ɗaya shagga ce, wato ɗakuna biyu a hawa na uku na wani bene, daga taga kana hango ƙofar asibiti. Ɗayan gida ne mai faɗin tsakar gida a Hillat Jibirin, wani ƙauyen Hausawa da ke can ciki, sai ka bar kwalta ka bi bakin magudanar ruwan gonaki. Ni dai na gama zaɓa tun ban ga ko ɗaya ba. Matsoraciya ce ni, ba na ɓoyewa. Da za a ba ni ɗaki a cikin asibitin ma, da na shimfiɗa tabarmata.

Ranar da muka je ganin shaggar, Muzammil ya ce zai goya Inna ta hau benen. Ta harare shi, ta kama ƙarfen matakala ta fara hawa da kanta. A kwanar farko ta tsaya. Na ɗauka jiri ne, na miƙa hannu zan riƙe ta, sai ta ture ni. Ta ɗora gwiwar hannunta a bango, ta auna kamu-kamu har zuwa ƙarfen, kamar mai auna yadi. Ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta dubi kwanar da ke sama.

"Mu koma," ta ce. "Angareb ba shi juyawa nan."

"Inna, akwai gadon ƙarfe a sama, mai katifa," in ji Muzammil.

"Ba na kwana nika nuhi ba. Wanda za a hid da ni bisanai."

Angareb gadon katako ne da ake saƙawa da igiya, a kansa muke kwana, kuma a kansa ake ɗaukar mamaci zuwa maƙabarta. Inna kuwa ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu tun ina goye. Ta san faɗin wannan gado fiye da yadda na san tafin hannuna.

Ta zauna a kan matakala, ta ba mu labarin wata mata da ta taɓa wankewa a wani bene a Khartum. "Da hannuna na wanke ta, na shirya ta tsaf. Sai maza sunka naɗe ta cikin bargo, sunka sauko da ita tsaye awa buhun dawa, kanta na bugun bango. Ba a yi mini haka."

"Inna, maganar rayuwa muke yi," na ce. Haushi da tsoro sun haɗe mini.

"Ke ka maganar rayuwa," ta ce. Ba ta kiran sunana, don ni ce 'yar fari. "Ke" ɗin nan ita ce sunana a bakinta, kuma in ta faɗe ta da wannan murya, zance ya ƙare.

Muzammil, wanda bai taɓa iya musu da Inna ba tun yana tsumma, ya ce to a je a ga ɗayan, gani ai ba kamawa ba ne. Ya aro motar ɗaukar kaya wurin abokinsa. Na ce damina ta kama, a bari. Dillali ya rantse cewa ruwan bana bai zauna ba tukuna, kuma hanyar lafiya lau take. Muka tafi tare da shi ana gobe gasil, da niyyar mu dawo kafin la'asar.

Gaskiya gidan ya yi kyau, kuma na ji haushin kyansa. Ga darbejiya a tsakar gida, ga rumfa, ga wurin ɗaure awaki. Inna ba ta ko leƙa ɗakunan ba. Ƙofar gida ta tsaya tana kallo, mai faɗi, wadda maza huɗu za su wuce a jere. Maƙwabta suka shigo da gaisuwa da Hausa irin ta kakanni, aka kawo gahawa, aka shiga tambayar dangi har aka gano wata tsohuwa ta san kakarmu. Rabon da in ji Inna ta yi dariya irin wannan tun kafin ciwo.

Muna cikin haka gabas ta yi baƙi. Kafin mu tattara mu shiga mota, ruwa ya sauko.

Wanda bai san ƙasar wannan yanki na Jazira ba ba zai gane ba. Da rani baƙar ƙasa ce mai tsage-tsage, tauri kamar siminti. Da ta sha ruwa sai ta zama laka mai cire wa mutum takalmi. Muzammil ya tada mota, tayoyi suka juya a wuri ɗaya, suka tona wa kansu rami, motar ta zauna. Dillali ya naɗe ƙafar wando ya ce zai je neman taimako, ba mu sake ganinsa ba. Taraktar ƙauyen babu mai a cikinta. Amalanken jaki kuwa, mai shi ya yi dariya kawai ya nuna mana lakar.

Muka kwana a gidan Malam Yakubu, maƙwabcin gidan. Ranar gasil ta zo ta wuce ana ruwa, ina tsaye a bakin rumfa ina kallon sama. Na hana Inna shan ruwa sai dai ta jiƙa leɓe. Duk da haka na ga zoben azurfarta ya fara nutsewa cikin yatsa. Washegari da safe ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matasai, kuma in ta ja numfashi ana jin wani ƙara a ƙirjinta. Na san wannan ƙaran. Likita ya taɓa ce mini in na ji shi kada in tsaya neman takalmi.

Malam Yakubu ya leƙo, ya dube ta, bai yi dogon zance ba. "Ɗiyata, ba a jiran ƙasa ta bushe. Mu ɗauke ta zuwa zalat." Kwalta yake nufi. Ya aika aka kira maza.

Suka fito da angareb, muka ɗora ta da matasai a bayanta. Yayyafi bai tsaya ba, don haka ta ja mayafinta ta rufe fuska, matar Malam Yakubu ta lulluɓa mata tabarma. Muzammil ya yi gaba da gudu don ya tare mota a kwalta. Maza huɗu suka ɗaga gadon a kafaɗa, wasu na biye don karɓa, suka hau tudun bakin magudanar ruwa inda lakar ta fi dama.

Na bi su, amma ban iya tafiyar laka ba. Takalmana suka tafi tun a bakin ƙauye. Na faɗi, na tashi, na sake faɗi, tazara na ƙaruwa tsakanina da gadon. Sai na ga mutanen da ke gonaki suna miƙewa. Wani ya ajiye fartanya. Wani ya cire hula ya goge fuska ya mayar. Suka riƙa haurowa tudun ɗaya bayan ɗaya, Hausawa da Larabawan ƙauyen gaba, kowa ya zo sai ya sa kafaɗa ya karɓi ƙafar gadon, ya ɗan taɓa tafiya, wani ya karɓe shi. Haka ake yi a nan. Duk wanda ya hangi angareb a kafaɗun maza, rufe, ba ya tambaya, zuwa yake ya samu lada.

Sai na ji an fara: "La ilaha illallah."

Mutanen Hillat Jibirin sun gaji, an karɓe su, sun koma baya suna haki. Masu sabon zuwa sun cika gaba. Wanda ya san gaskiya ya faɗa wa na kusa da shi, amma maganar ba ta kai ko'ina ba, mutane sai ƙaruwa suke. Wani dattijo mai farar jallabiya da ta sha laka ya juyo ya gan ni. Ya tsaya a gabana, ya buɗe hannuwa cikin tausayi.

"Ya bitti, 'yata, koma gida. Mata ba su bin gawa. Allah ya ba ku haƙuri."

"Tana da rai," na ce.

Ya dube ni yadda ake duban wanda baƙin ciki ya taɓa wa kai. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni, don ni kaina ban sani ba. Tun da muka baro ƙauye ban ji tarinta ba. Tabarmar ba ta motsi. Wataƙila su ne suka san abin da ke kan gadon, ni ce ban sani ba. Na kewaye dattijon, na kutsa cikin maza ina ture su, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Suka dare don mamaki. Na kama gefen gadon, na yaye mayafin.

Idonta biyu. Tana kallon sama, leɓunanta na motsi tare da su. Ta juyo da ido gare ni, da ƙyar ta haɗa kalmomin.

"Ke, ruhe ni. Bar su."

Wanda ke riƙe da ƙafar gadon ta gefena ya kusa saki. Labari ya bi layi, salati ya koma surutu, wasu na dariya, wasu na istigfari. Amma ba wanda ya koma gona. Sauri ma suka ƙara, har muka iske Muzammil a kwalta ya tare wata bas.

An karɓe ta a asibiti, an jona ta. Likita ya yi mana faɗa sosai, kuma ya yi gaskiya. Na zauna a gefenta ina kallon jini na zagaya roba, ƙafafuna duk busasshiyar laka. Da numfashinta ya daidaita, na ji a raina cewa ko ba komai wahalar nan ta raba gardama.

"Inna, kin dai gani da idonki," na ce a hankali. "Gobe Muzammil ya karɓo makullin shagga."

Ta juyo da kai ta dube ni.

"Na gani," ta ce. "Ba su san ni ba, ba su san ubana ba. Sunka bar gonakinsu. Ko sau guda ba su girgiza ni ba, cikin wagga laka. Na ji yadda za a kai ni, kuma ya yi mini." Ta rufe ido. "Shaggarku, wa za ya hau ya ɗauke ni? A kama gidan."

Muzammil ya dube ni. Ni ce babba, ni yake jira in ce a'a. Na dubi fuskarta. Tun da aka ce mata ƙodarta ta mutu ban ga hankalinta a kwance haka ba.

Na ce masa ya nemi dillalin. Damina kuwa ko rabi ba ta kai ba.