Hannun Bakanike

Tun da aka haifi 'yarsa, bakaniken bai taɓa yi mata wanka ba. Hannunsa duk kanta da baƙin mai, fatarta kuwa kamar auduga. In matarsa ta ce, "Maigida, zo ka cuɗa ta mana," sai ya ce, "Bari hannun ya yi laushi, kar in ƙurje ta."

Sai bayan shekaru da yawa, da ya bar aikin gareji, hannun ya yi laushi. Ran nan ya surka ruwa, ya gwada ɗuminsa da gwiwar hannu yadda ya sha gani, ya kira 'yarsa.

Yarinyar ta karɓe bokitin tana dariya. "Haba Baba, ai na girma!" Ta rufe ƙofar banɗaki, ta bar shi riƙe da soso.