Takobin da Ke Hannun Swarta

Tama ta ƙare a fadamar Harja maƙeri. Jar ƙasar nan da ake narkawa a sami ƙarfe, wadda kakanninsa ba su ma wahalar da kansu wajen raɗa mata suna ba, "ja" kawai suke ce mata, ya tona har farcensa ya ɓare bai sami ko cikin tafi ba. Ga gatarinsa ya lalace, ga ƙanƙara ta fara sauka, ga 'yarsa tana tari kamar ƙirjinta zai tsage.

"Maƙeri guda, ba gatari a gidansa!" in ji matarsa Finno. "Mun ƙona kujeru, mun ƙona ƙyaure. Gobe me zan tura a murhu, ƙafata?"

"Ki yi haƙuri mana."

"Haƙuri? Je ka gaya wa yarinyar."

Abin takaici, ƙarfe yana nan jibge a bayan gari. Duk yaƙin da mutanen garin suka ci, lanƙwasa takubban abokan gaba ake yi a watsa wa dodon fadama. Wanda ya taɓa kayan dodo kuwa, a damƙa masa abin da ya ɗauka a hannu, a danne shi da itace a cikin ruwan, shi ke nan. Haka aka yi wa yayansa Swarta bara, Harja yana tsaye cikin taro yana kallo.

Da rana tsaka ya tafi fadamar dodon, lokacin da kowa ya shagala da yankan dabbobin da za a kyafe. Ya tuɓe ya shiga. Wayyo sanyi! Baƙin ruwan ya kai masa wuya. Ya yi ta lalube da ƙafa, haƙoransa na kaɗawa, har ya taka abu mai kaifi. Ya nutse ya kama, ya ja, abu ya ƙi zuwa. Ya sake fizga da ƙarfin tsiya, sai wani takobi ya taso, da hannun mutum riƙe da shi gam.

Ruwan fadama ba ya cin nama. Fatar ta yi baƙi kamar an jeme ta, amma tabon ƙuna na babban yatsa yana nan. Harja ne ya yi wa Swarta shi da awartaki mai zafi tun suna yara.

"Yaya," ya ce yana kuka. "Yaya, sakar mini. Don yarinyar ne."

Swarta bai saki ba. Harja ya tuna tarin nan, ya rufe ido, ya fara karya yatsun ɗaya bayan ɗaya.