Taɓare a Bakin Lungu

Gwaggo Murja tana tsaka da biya wa matan lungu karatu sai Kande mai koko ta faɗo gidan, ko sallamar ba ta ƙarasa ba.

"Gwaggo, an rubuta! Turawan Ingila za su yi yaƙi da Jamus can bayan Yola, suna neman masu ɗaukar kaya. Takarda ta zo wa Mai unguwa da sunan mutum goma sha biyu daga Madabo, har da Salihunki. Yau bayan la'asar dogarai za su zo ɗibarsu."

"Wa ya gani?"

"Ai kowa ya sani."

"Wa ya gani na ce, ban ce wa ya sani ba."

Matan suka ajiye alluna suka ɗauki salati. Wata ta ce abin da aka rubuta ai ya rubutu, sai haƙuri.

"Rubutun Allah ne ba ya gogewa," in ji Gwaggo. "Na tawada kuwa, kullum da hannuna nake wanke shi." Ta jawo mayafi.

Salihu ne kaɗai ɗan da ya rage mata. Baduku ne, bai taɓa ɗora wa kansa abin da ya fi fatar akuya nauyi ba, ga matarsa da cikin wata bakwai.

Mai unguwa Hambali yana zaure, ya tasa takardar a gaba kamar wanda aka ba gadin maciji. A gidan Gwaggo ya koyi baƙi da wasali, saboda haka da ta miƙa hannu bai iya hanawa ba. Ta kai takardar bakin ƙofa inda haske yake, ta bi ta da yatsa har sau biyu.

"Hambali, na ga goma sha biyu. Na ga majiya ƙarfi. Na ga Alhamis. Ina sunayen?"

Ya gyara rawani.

"Ko idona ne ya tsufa?"

"Gwaggo, in na ce ni na zaɓa, wa zai ƙara gaishe ni a unguwar nan? In kuma ban ba su ba, rawanin nan za a tuɓe."

"Shi ya sa ka jingina wa Bature. Ƙannenka uku ƙarti, ko ɗaya bai shiga lissafin ba?"

Ta miƙa masa takardarsa.

"Ban zo faɗa ba. Ka zauna a zaurenka, in an tambaye ka ka ce ba ka san komai ba. Ka iya wannan."

Daga nan ba ta koma gida ba. Ta bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, tana shiga har madafi, abin da babu namijin da zai iya. Ko'ina magana ɗaya ce: babu suna a takarda, kuma kowace mace ta ba da taɓaryarta. Matan kulle suka riƙa miƙowa ta kan katanga. Tsofaffi da zawarawa, da ba mai hana su fita, suka kwasa. Uwargidan Mai unguwa ma ta miƙo tata ta ƙofar baya.

Ya Kaka, tsohuwar Babarbariya aminiyar Gwaggo, ta jijjiga tata ta ji nauyi.

"Murja, a ka za mu fara ko a gwiwa?"

"Duk wadda ta ɗaga taɓarya ta ba dogarai dalili. Ƙasa za mu shimfiɗa su. Ba zagi, ba guɗa. Maza kuma su zauna a ɗaki."

Ya Kaka ta dube ta, sannan ta fashe da dariya har sai da ta dafa bango. A Madabo kowane namiji ya tashi da sanin cewa wanda ya tsallake taɓarya, mazantakarsa ta tafi ke nan.

"Ke? Shekara arba'in kina ce mana camfi ne!"

"Har gobe camfi ne. Ai ba ni zan tsallake ba."

Salihu ne ya so ya ba da wahala. Ya tsaya a tsakar gida yana huci.

"Inna, yanzu in ɓuya a bayan mata? Da wane ido zan shiga kasuwa?"

"Wata tara ka yi a ɓoye cikin mace, ban ji ƙorafinka ba. Shiga ka ƙarasa takalmin mutane."

Lunguna uku ne ke shiga wajen gidajen, kowanne da kyar jaki mai kaya ke wucewa. Kafin a kira la'asar an jera taɓare a bakin kowanne, daga bango zuwa bango, tsawon taku goma. Matan suka zauna gefe da gefe, wasu na kaɗi, wasu na ɓarar gyaɗa. Unguwar da a wannan lokaci lugude ke tashi ta kowane gida ta yi tsit.

Dogarai uku suka iso, babbansu wani dogo mai suna Jafaru. Ya ja ya tsaya.

"Iyaye, a ba mu hanya."

"Hanya ta Allah ce, ɗana," in ji Gwaggo. "Ku wuce."

Ya dubi ƙasa. Ya dubi na bayansa, su kuma suka dubi sama. Ɗayansu ya sunkuya zai ɗauke taɓarya guda.

"Madalla," in ji Kande. "A kawo masa turmi, dama geron kokona ban surfa ba."

Dariya ta ratsa lungun har cikin gidaje. Ya saki taɓaryar kamar ta ƙone shi. Suka zaga lungu na biyu, suka zaga na uku, suka dawo. Jafaru ya tsuguna kusa da Gwaggo ya rage murya.

"Malama, ke mai ilimi ce. Tsakaninki da Allah, maganar nan gaskiya ce? Watan jiya na yi aure."

"Ban taɓa ganinta a littafi ba."

Ya miƙe, ya ɗaga ƙafa.

"Sai dai ba duk littattafai na karance ba."

Ƙafar ta dawo inda ta fito.

Aka kawo musu fura suka sha a tsaye. Jafaru ya yi kurari, ya yi lallashi, ya ambaci gidan yari. Ya Kaka ta tambaye shi ko gidan yarin zai ɗauki tsofaffi arba'in, kuma wa zai riƙa dama musu kunu. Da hadari ya haɗo daga gabas, suka tattare jajayen rigunansu suka juya. Matan ba su tashi ba sai da ruwa ya jiƙa su sharkaf.

Washegari Alhamis, tun da hantsi daka ya dawo unguwa. Salihu na bakin ƙofa yana huda fata, yana ba maƙwabta labari kamar shi ya kori dogaran. Gwaggo ta shanya mayafinta, ta zauna tana shan koko da ƙosai, tana jin daɗin ranar a bayanta. Sai ga Hambali ya yi sallama, fuskarsa a sake.

"Gwaggo, an wuce wurin. Rawanina na nan, Salihunki na nan. An ce kada a sake aiken kowa Madabo, kada labarin taɓare ya bazu."

"Yaƙin fa?"

"Yana nan. Ayari ya fita tun da asuba."

Ta ajiye ludayi.

"Goma sha biyun fa?"

"An cike su daga unguwar Gwale."