Addu'ar Wance

Saƙon ya iso Sabon Birni ranar Lahadi, ana fitowa daga coci. Wata mata 'yar garin Isa ta ja Maryamu gefe, ta ce Inna Rifkatu, uwar mijin Maryamu, tana gaishe ta, ta kuma ce jikarta ta isa yaye, a kai mata ita.

Maryamu ta ce, "To." Abin da ake ce wa suruka ke nan. Amma tun daga ƙofar coci har gida ba ta daina saƙe-saƙe ba.

Ba wai Maryamu ta rasa bangaskiya ba ne. Kowace safiya takan durƙusa ta miƙa wa Ubangiji damuwarta kaf, ta ce amin da ƙarfi, sannan kafin ruwan koko ya tafasa ta koma ta karɓo abarta. Ita ce mai tace ruwan sha ta sake tacewa. Ita ce mai ɗora hannu a cikin yarinya tana barcin rana don ta ji ko tana numfashi. Yanzu a ce ta ɗauki 'yar da ba ta cika shekara biyu ba, ta bi da ita hanyar Isa, wadda in mota ta shiga daji kowa ke yin tsit, ta ajiye ta a gidan da ke da rijiya ba murfi da wani rago mai tunkuyi, ta juyo hannu biyu?

Sai ta nemi dabara. Habi, Bafillatanar da ke kawo mata kindirmo, ta ce ai yaye a gida ba wuya, a shafa maɗaci a mama, yaro na ɗanɗanawa zai tuba. Maryamu ta jiƙa ɓawon maɗaci har ruwan ya yi ja, ta shafa, ta zauna a gindin darbejiya tana jira. Yarinya ta zo da tafiyarta ta tangal-tangal, ta kama, ta saki. Ta yamutsa fuska, ta dubi uwarta irin duban baƙon da aka ba tuwo ba miya. Daga nan ta jawo gefen zanin uwar, ta goge wurin tsaf, ta ci gaba da sha.

Habi ta sauke ƙwaryarta don kada dariya ta zubar mata da kaya. "Wallahi wagga Bagobira ce ta gaske! Kai ta ga kakarta, Maryamu, tun ba ta hwara tauna barkono ba."

Da mijinta Ɗanmusa ya dawo daga gyaran babura, ta zuba masa abinci, ta bari ya kai loma, sannan ta fara lissafo masa rijiya da rago.

Ya ce, "Haba, Innar da ta raine ni? Ga ni gabanki da raina da lahiyata."

"Wanga tabon na goshinka, ina ka samo shi?"

Ya taɓa goshi. "Ba wanga ragon ba ne. Kakanshi ne."

Duk da haka suka tafi, don ba a ce wa Inna a'a. Maryamu ta haɗa kaya kamar mai aurar da 'ya: gidan sauro, jarkar ruwan da ta tafasa, man shafawa, hular sanyi ko da yake ana tsakiyar bazara. A mota bakinta bai huta da addu'a ba, har direba ya waiwayo ya ce, "Madam, ki rage mana wata ta dawowa." Suka isa Isa lafiya lau, ko taya ba ta yi faci ba.

A gidan Inna ne wahalar ta soma. Yarinyar 'yar fari ce, kuma sunan Inna aka sa mata. A cikin ɗakinta Maryamu na kiranta da sunayen lele iri-iri, amma a gaban suruka kunya ba ta bari ta kama sunanta, ko ta nuna ta damu da ita, ko ma ta dube ta sosai. Inna ta sure jikarta tana juyi da ita tana cewa, "Ƙawata ta iso! Yau sai hura da zuma!" Maryamu kuwa ta zauna a bakin tabarma, kai a sunkuye, da gargaɗi cike da baki ba ta da inda za ta zuba shi.

Sai ta fara yi wa bango magana.

"An ce rijiyoyin bana sun yi zurhi."

Inna ta ce, "Haka aka ce."

"Wasu har murhi suke sa masu."

"Masu ƙoƙari ke nan."

Maryamu ta juya wajen turke. "Wancan ragon, igiyarshi kamar ta tsuhwa."

"Sa'arta ce da ni, kuma ba mu tsinke ba."

Ɗanmusa ya tashi ya ce zai je ya gaida maƙwabta, kafaɗunsa na rawa don dariya har ya fita.

Da rana ta fara sanyi, lokacin komawa ya yi, don ba mai son yamma ta same shi a hanya. Inna ta ce ba a fita gidanta sai an yi addu'a, kuma yau Maryamu ce za ta yi. Suka durƙusa su uku a tsakar gida, yarinya na zaune a cinyar kakarta tana wasa da ɗankunnenta.

Maryamu ta fara da kyau. Ta gode don hanya, ta roƙa wa Inna lafiyar gwiwa, ta roƙa wa garin zaman lafiya. Da ta iso kan abin da ya kawo ta, sai harshe ya maƙale.

"Ya Uba, ka kiyaye... ka kiyaye wance."

"Wace wance?" Inna ce, idonta a rufe.

Maryamu ta ƙara sunkuyar da kai. "Wance dai, Inna."

"Garin ga cike yake da wance. Akwai ta gidan mai goro, akwai ta bayan kasuwa. Kada a tahi a tsare ɗiyar wani a bar mani tawa ga rago."

Ɗanmusa ya yi wani tari da ba tari ba.

Zafi ya hau wa Maryamu har kunne. Ta manta a durƙushe take, ta ce da ƙarfi, "Ai ya san ta, Inna! Shi ya yi ta. Tun ban san ina da ciki ba ya san ta, tun ba a raɗa mata suna ba!"

Ragon na can turke yana ta tauna harawa.

Inna ta buɗe ido ɗaya. "To, ɗiyata. Na ji. Ke kin ji?"

Sai a lokacin Maryamu ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta daɗe tana faɗa wa Ubangiji abubuwa kamar mai aiken yaro kasuwa, tana maimaitawa don kada ya manta, ga shi yau ko suna ba ta ba shi ba, kuma ba ta yi shakkar ya gane ba. Dariya ta taso mata tare da hawaye, ta rasa wanda za ta tare. Ta ce amin a haka. Inna ta amsa, ta ƙara da cewa murfin katakon da zai rufe rijiya ma tun jiya kafinta ya kawo shi, yana bayan rumbu, ta dai so ta ga iya gudun ruwan surukarta ne.

Suka yi sallama. Inna ta juya da yarinyar wajen kaji don kada ta ga fitar uwarta. Maryamu ta kai zaure ke nan kukan ya tashi, irin mai shiga har ƙashi. Ƙirjinta ya amsa nan take, gaban rigarta ya jiƙe. Ƙafarta ta dama ta juya da kanta.

Ɗanmusa ya tsaya yana kallonta.

Ta dafa bangon zaure. Ta ja mayafi ta rufe ƙirji, ta ɗaga kai sama kaɗan, ta ce a hankali, "Ka dai ji ta. Ita ce."

Sannan ta fita. Ta kama hanyar tasha da sauri, har sai da Ɗanmusa ya haɗa da ɗan gudu yana cewa ta jira shi, motar ba ta cika ba tukuna.