Jijiyar da ta Tsage a Ƙirjin Mubina

Ɗayyabu kafinta ne a Rogo Sabon Gari, irin mazan nan da ba sa iya haɗa ido da suruka. Da matarsa Mubina ta haihu, aka kai ta wankan jego gidan uwarta Hajjo a Kafin Dafga. Ranar Juma'a ya hau babur ya je dubiya, ya durƙusa ya gaida Hajjo, kansa a ƙasa.

Mubina ta fito dafe da ƙirji, gumi na tsiyaya mata, alhali ba a ma yi wankan yamma ba.

"Kamar an ɗora min turmi," ta ce masa ƙasa-ƙasa. "Hannun hagun nan ma ya mutu."

Hajjo ta jiyo daga madafi. "Raguwar banza! Ba jiya na kama ki kina sirka ruwan ba? Sanyi ne ya shige ki. A ƙara itace, a dama mata kunun kanwa."

Maganar asibiti ta zo wa Ɗayyabu har baki. To amma wane namiji ne zai tsoma baki a sha'anin jego, a gidan surukai kuma? Ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Inna," ya kama hanya yana lallashin kansa. Ciwon zuciya ai na alhazai ne masu tumbi da hawan jini, ina ruwansa da yarinya siririya?

Washegari da hantsi aka kira shi, wai Mubina ta yanke jiki ta faɗi. A asibitin Karaye aka ce sai Kano.

Can likitar zuciya ta zaunar da shi. "Malam Ɗayyabu, jijiyar da ke kai wa zuciyarta jini ce ta tsage daga ciki. Bangonta ya rabu, jini ya shiga tsakani ya matse hanya. Ba kitse ba ne. Irin wannan ciwon yakan sami mata masu ƙuruciya, musamman bayan haihuwa."

"To a ɗinke mana, likita."

"In muka taɓa, tsagewar na iya ƙaruwa. Magani za mu ba ta mu sa ido, galibi takan haɗe da kanta. Amma ɓangaren zuciyar da ya kwana babu jini, wannan ba ya dawowa."

Ya shiga ɗakin da aka kwantar da ita. Mubina ta miƙo hannu a ba ta jaririnta, nas ta ce kada ta ɗaga komai tukuna. Ɗayyabu ya ɗauko shi, ya sunkuya a bakin gadon, ya riƙe mata shi daidai fuskarta tana shinshina kansa. Har hannayensa suka gaji, bai sauke shi ba.