Ɗakin Yaran da Suka Ɓata

Jakunkuna uku ne a jikinsa: ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, sai ta matarsa da ya rataya a wuya. Rana ta take tsaka a filin wasan. Layin mutane ya lanƙwasa tsakanin ƙarafa, a sama kuma jirgin wasa mai hawa da gangara yana wucewa da ihun waɗanda suka biya kuɗinsu don a tsorata su.

Makanikin jirgin ruwa ne. Mafi yawan shekara a ɗakin inji yake yin ta, cikin zafi da warin baƙin mai. Da ya zo hutun bana, ya tarar da Auta, wadda ya bari ba ta iya haɗa magana ba, bakinta ya buɗe kamar rediyo, amma ba da shi ba. Yana shigowa falo sai ta laɓe bayan uwarta. Ya kawo 'yar tsana, ta karɓa daga hannun yayanta. Tun da ya sauka ba ta kira shi Baba ba ko sau ɗaya, ga shi jibi zai koma. Abin yana ci masa rai ƙwarai, kuma saboda haka kaɗai ya kwaso iyalin zuwa nan, ko da yake ce musu ya yi don su sha iska.

Sai dai mutumin naku da dabararsa ya zo. A ɗakin inji ba a barin lokaci ya tafi a banza. In famfo ɗaya na aiki, ɗayan na tsaye yana jiran nasa. Don haka ya tsara: su shiga wasa, shi ya ruga ya kama musu layin wasa na gaba. In sun fito sun tarar ya kusa ƙofa, sai ya ba su wurin ya ƙara gaba. Dabarar ta yi kyau, babu laifi. Kafin azahar sun hau dawakan katako, sun hau motocin karo, sun shiga kwale-kwale sun jiƙe sharkaf. Shi kuwa ƙeyar mutane kawai ya gani.

"Baban yara, don Allah ka zo mu hau tare," in ji matarsa, tana matse gefen mayafinta. "Wannan wace irin shaƙatawa ce, kai a gabas mu a yamma?"

"In na biyo ku, layi zai cinye mana yinin. Ku dai ku more."

"To, ai shi ke nan. Mu mun zo da maigida, ashe ɗan dako muka ɗauko."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

A ƙofar jirgin mai hawa da gangara akwai sandar awon tsawo. Yayan ya wuce ta da kai guda. Aka jingina Auta, ko da ta yi ɗage ba ta kai ba. Mai tsaron ƙofa ya girgiza kai. Yayan ya fara ƙunƙuni cewa shi dai sai an raka shi, uwar ta dubi mijinta, ta ɗora hannun yarinyar a cikin nasa.

"Ga ta nan. Ka kai ta wajen dawakan nan, tana son su. Ka ji?"

Ya ji. Hannun ɗan ƙarami ne, yana danƙo da alewar auduga, kuma bai riƙe nasa ba, ya dai kwanta a ciki. Ya dubi wajen dawakan, sannan ya hango layin babban lilo yana ƙara tsawo. Hali zanen dutse. Ya ce a ransa bari su fara kama wuri, dawakai ba guduwa za su yi ba.

Auta ta yi ta waiwaye tana kiran Mama. Ya durƙusa ya lallashe ta, ta kau da kai. Igiyar jakar kafaɗa ta zame, robar ruwa ta faɗi ta gangara ƙarƙashin ƙafafun mutane. Ya saki hannunta don ya ɗauko. Da ya ɗago, babu ita.

Ya yi gabas ya yi yamma, jakunkuna na dukan haƙarƙarinsa. Ya leƙa bayan rumfar askirim, ya leƙa banɗakin mata har wata tsohuwa ta daka masa tsawa. Ya kira wayar matarsa, sai ya ji ta tana ƙara a ƙirjinsa, cikin jakar da ya rataya. Bai taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko a ranar da igiyar ruwa ta kashe musu inji a tsakiyar teku. Daga nan lasifika ta sanar cewa an tsinci yarinya mai rigar ruwan ɗorawa, a zo ɗakin yaran da suka ɓata.

Ɗakin na da sanyi, an zana kifaye a bango. Auta na zaune a kan 'yar kujera ja, ta gama kuka, tana tsotsar alewa. Wata ma'aikaciya na tsaye kusa da ita.

"Alhamdu lillahi! 'Yata ce, baiwar Allah, 'yata ce."

Ma'aikaciyar ta tare shi da hannu, cikin ladabi. "Yi haƙuri, malam. Ƙa'idarmu ce, ba ma miƙa yaro sai shi da kansa ya nuna nasa." Ta durƙusa gaban yarinyar. "'Yammata, kin san wannan?"

Auta ta dube shi sosai. Wannan ne karon farko da ta tsaya ta ƙare masa kallo. Ta gyaɗa kai.

"Yauwa. Wane ne?"

"Mai riƙe mana layi ne."

"Ba babanki ba ne?"

"Babana yana cikin jirgi," in ji ta, ta mayar da alewar baki.

Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. Ma'aikaciyar ta tambaya ko yana da hoton da suka ɗauka tare. Ya zaro waya. Ga Auta ranar da ta fara tafiya, ga ta da sababbin haƙora, ga ta tana barci da cokali a hannu. Duk matarsa ce ta turo masa su yana teku. Ya yi ta ja da yatsa har ƙarshe, babu ko ɗaya da yake ciki.

"Sai dai mu jira mahaifiyarta," in ji matar, ba ta kalli idonsa ba. "Akwai benci a waje."

Ya zauna a bencin. Ta gilashi yana ganin 'yarsa tana ba ma'aikaciyar labari, har da nuni da hannu. Ya daɗe yana jin ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, bai taɓa zaton da shi ake ba, tunda don gidan ya fita.

Uwar ta iso a guje, yayan na biye. Auta ta faɗa jikinta tun kafin a tambaye ta komai. Ma'aikaciyar ta ba shi haƙuri har sau biyu. Da matarsa ta ji abin da ya faru, ta kama hannun rigarsa.

"Kada ka sa a ranka, Baban yara. Yarinya ce, ba ta san abin da take faɗa ba."

"Ta sani," ya ce.

Suka fito cikin rana. Ya miƙa hannu a hankali zai taɓa kan Auta, ta cusa fuska a wuyan uwarta. Yayan ya ja masa riga, ya ce saura babban lilo ba su hau ba, kuma an kusa rufewa. Matarsa ta buɗe baki za ta yi magana, ya riga ta.

"Ku zauna a inuwa ku huta," ya ce, yana gyara igiyar jaka a kafaɗa. "Bari in je in kama muku wuri."